Na Kai Mahaifina Ganin Ruwa Da Rani

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Gumel, sabon shiga, kaina na rawa. Mahaifina kuwa mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye na ƙasar Gagarawa. Ƙuruciyarsa a rami ta ƙare, sai ya haƙa zurfin gaba talatin kafin ya ga danshi.

Wata damina aka tura mu kwas can kudu. Abokai suka ja ni wani daji, muka ratsa kufan wani tsohon birni da ganuwarsa ta zube, itatuwa sun tsiro a inda aka ce nan ce fada. A bayan kufan muka tarar da ruwa yana zubowa daga kan dutse, fari fat, ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Da na ba Baba labari ya yi dariya, ya ce boko ya koya mini sharar ƙarya, wai ruwa daga sama ba hadari ba guga? Na nuna masa a waya, ya ce shi ba ya yarda da ruwan da bai taɓa ba, sai dai in kai shi. Na ce to.

Shekara shida ina ce masa to. Sai da na ga ya fara dogara sanda hankalina ya tashi, na ɗauke shi da rani, lokacin da ba aikin gona. Ban tambayi kowa ba. Mu mutanen yashi, ina muka san irin wannan ruwan ma da lokacinsa?

Muka sha tafiya, yana yi yana hutawa a jikin ganuwa. Da muka isa, dutse ƙayau, sai ɗan zirin ruwa kamar na bakin buta. Kunya ta rufe ni. Baba ya tara hannu har ya cika, ya sha, ya ce ruwan da daɗi, babu kanwa. Ya daɗe yana kallon shatin da ruwa ya bari can sama, ya ce yanzu ya yarda, mu dawo da damina ko da ciyawa za ta cinye gonar. Ya rasu kafin ruwan shuka ya sauka.

Kewarsa nake yi, kuma ban sake komawa wurin ba, zuciyata ba za ta iya ba. Abin da na koya shi ne, tsoho ba ya yawan roƙon ɗansa, in ya roƙa to abin yana ransa ƙwarai. Don Allah duk wanda iyayensa ke raye, kada ya ce musu sai baɗi. Ni na kai nawa, amma na kai shi a makare.