Idon Sa a Sakkwato

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau a motar ɗaukar gyaɗa, ni da Baturen likitan dabbobi da nake yi wa tafinta. Shi yana gaba, ni ina baya bisa buhuna, rungume da akwatin madubin likita, mai girmama ƙananan abubuwa, kamar mai goyon jariri. Hanyar ba a cewa komai, duk ramin da direba ya hango sai ya je ya gaishe shi. A Talatar Mafara muka sha iska, na sayi fura da nono ta anini, ta riƙe ni har la'asar.

Zafin Sakkwato na bazara ya tare mu tun kafin ganuwa. Muka ratsa ta wajen majema, fatun jajayen awaki shanye ko'ina, warin kuwa ba ya neman izini. Da maraice aka ba ni hoce da miyar kuka, na ci ina zufa.

Abin da ya kawo mu shi ne garken wani dattijo mafataucin shanu, wanda aka tsare wajen Runjin Sambo. Idanun wasu daga cikin shanun sun yi fari, hukuma ta hana shi kora su kudu don tsoron annoba. Ciyawa ta ƙare a wurin, shanun sai ramewa suke, kuma su ke nan dukiyarsa.

Likita ya duba su ya ce daga waje ba zai iya yanke hukunci ba, sai an yanka ɗaya.

"Gaya masa a aiko da kan zuwa bariki, masaukinmu," in ji shi.

Na gaya masa. Dattijon ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya nuna wani bijimi.

Washegari muka shirya tebur a inuwar bariki, muka yi ta jira har hantsi ya dubi ludayi. Can sai ga fatoma, mai masaukin dattijon, da akushi babba an rufe da faifai. Aka buɗe. Kan ne, an babbake shi tas, an kankare, an wanke, sai ƙamshi. Idanun sun dahu sun koma kamar dafaffen ƙwai. Likita ya yi ja har kunne. Na tambayi fatoma yadda aka yi.

"Haba Malam," ya ce, "wa ka kai ma baƙo kai da gashi nai? Ai sai a ce ba mu da tarbiyya."

Gaskiyarsa. Ba wanda ya ce masa ido ake so, kuma ɗanye. Ni kaina ban taɓa ganin aikin ba balle in yi bayani.

Komawa wurin dattijon ya fi mini komai nauyi a tafiyar nan. Na durƙusa na ce, "Baba, sai dai a sake yanka wani." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dubi garken ya ce, "Ɗauki wanda kaka so, ɗana. Ni ban iya zaɓe."

Wannan karon mu muka kai madubin mayanka. Mahauta suka kewaye mu, wasu na raɗa cewa Nasara zai yi tsafi da ido. Ana gama yanka Likita ya cire idon, ya zagaye tantanin gabansa da aska, ya kife shi kamar ɗan ƙoƙo. A cikinsa, in ji shi, akwai shimfiɗar ƙwayoyi falle ɗaya tak, su ke hana ido yin hazo. Yatsa ya goge su, wuta ta kashe su. In cutar daga jini ta taso, za a ga sun zube. Ya ɗiga wani magani da ake kira ruwan azurfa, ya ɗauraye, ya ajiye a rana har ya yi duhu, sannan ya tsaga gefensa don ya kwanta a kan gilashi. Ni ke kora ƙuda da faifai.

Ya juya ɗan madubin ƙasa ya kamo hasken rana, ya leƙa, ya daɗe. Ya ce in leƙa. Na leƙa. Ɗakuna ne ƙanana jere kamar saƙar zuma, kowanne da baƙin layi kewaye da shi, babu gurbi ko ɗaya. Likita ya ce ciki lafiya lau, ciwon daga waje ne, aikin ƙuda da tsinin ciyawa. A wanke musu ido a sake su.

Dattijon ma ya leƙa, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu.

"Na jiya ma haka nashi yake?"

Na ce haka ne, Baba.

"To, mun babbake shaidarmu da hannunmu," ya ce, ya tafi kwance shanunsa.

Mun dawo Gusau lafiya, akwatin bai fashe ba, bayana ne dai ya ji jiki. Na koyi cewa in za ka roƙi mutanen kirki abu, ka faɗa musu abin da za ka yi da shi, in ba haka ba za su gyara maka shi yadda suka san ana girmama baƙo. A hanya mun wuce garken yana gangarawa kudu, dattijon na biye da sandarsa. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa, ina jin kunyar bijimin nan da ya tafi a kan maganar da ba mu ƙarasa ba.