Mawaƙin Tashar Wurno

A tashar Wurno, dattijuwa Mahbuba tana jiran motar Goronyo, tana kallon wani siririn saurayi mai ƙaramar sifika rataye a wuya. Yana zuba hip-hop kan angon da ya ci ɗanyar albasa ranar biki, hula a karkace, 'yan kabu-kabu suna ta dariya da rawa. Hannuwansa duk kanta ce. A ranta ta ce wannan ɗan fadama ne. Da taro ya cika, sai ya rage kiɗa, ya sako baiti kan shinkafar da ambaliya ta cinye bana. Ƙafafu suka tsaya.

"Ɗana, mi ya kawo kuka cikin rawa?" in ji ta.

Ya yi murmushi. "Inna, magani na mai ɗaci, shi ya sa nika dama shi cikin hura."