Kanwa Ba Ita Ce Uwar Gami Ba

Shekarun baya, wata Talata da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ina ɗakin gwaji na jami'armu a Kalgo, Inna ta kira ni daga Gwandu. Ta ce yayata, wadda ba ta yi arba'in da haihuwa ba, ta kasa kwanciya. Da ta miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya, ƙafafunta kuma sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

A lokacin ina ajin ƙarshe, bincikena a kan zukatan ɓeraye ne. Jiki yana ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, ƙunar tana barin wani ɓurɓushi mai cin tsoka kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki yana da abubuwan da ke share shi, amma wani lokaci ɓurɓushin yakan fi ƙarfinsu. Aikina shi ne in niƙa zuciyar, in zuba mata sinadari, in dafa. Iya jan da ruwan ya yi, iya ɓarnar da ke ciki. 'Yan ajinmu kan ce na fi sakewa da ɓera a kan mutum, kuma ba su yi ƙarya ba.

A asibiti likita ya ce zuciyar yayata ta buɗe, ta yi laushi, ba ta iya tura jini. Wata ma'aikaciya da gajiya ta cika ta tambayi Inna ko ana yi mata wankan jego da kunun kanwa. Inna ta ce safe da yamma, da hannunta.

"To ai ga shi nan," in ji matar. "Ku kuke kashe su da kanwa."

Ranar Juma'a yayata ta rasu, ta bar mana jariri.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dai kife tukunyar wankan a bayan rumbu, ta daina shiga madafi, abincinta ya koma loma biyu. Bayan an watse daga zaman makoki ta same ni ina ninke kayan jaririn.

"Ke da ka karatun zuciya," ta ce, "gaya mini. Ni nik kashe ɗiyata?"

Da wata 'yar ce, da ta ce a'a nan take. Ni kuwa ban iya faɗin abin da ban tabbatar ba, ko a takardar jarrabawa. Na ce, "Inna, bari in bincika." Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta fita. Na san yadda ta fassara amsar tawa.

Na koma Kalgo na duƙufa. Tsofaffin rubuce-rubuce sun ɗora laifin a kan kanwa da ruwan zafi. Sababbi suna maganar tsatsar nan da nake aunawa kullum. Na kasa haɗa su wuri guda, Inna kuma tana ramewa. Sau da yawa nakan je ƙofar ofishin malamar da ke duba aikina, in gyara mayafi, in juya. Ran nan ita ta buɗe ƙofar ta same ni tsaye.

"Ke, gadi aka ba ki a nan? Shigo."

Na faɗa mata komai, idona a kan tayil. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce ciwon nan yana kama mata a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan kanwa ba. Abin da masu bincike suka fi karkata a kai shi ne ɓarnar kan fara tun ƙarshen ciki. Tsatsar takan yi yawa a tsokar zuciya, har ta datse sinadarin da ke kawo ruwan nono, guntun ya koma yana lalata ƙananan hanyoyin jini. Dalilin da ya sa ya kama wannan ya bar waccan, har yanzu ba a gama sani ba. Kanwa kuwa tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji nauyi, shi ya sa likitoci ke hanawa.

Yau yaron ya shiga firamare, Inna ce ke dafa masa abin tafiya makaranta. A gidanmu an daina ba mai jego kanwa, kuma Inna ce da kanta ta hana. Ni ina nan ina auna jan ruwa a kwalabe, sai dai na daina ganin launi kawai. Abin ya koya mini cewa jiran cikakken tabbaci ma yana iya cutar da mutum. Abin da ka sani, ko rabi ne, akwai mai jiransa.

Kafin in fita daga ofishin malamar a waccan ranar, na tattara ƙarfin hali na ce, "Malama, to me zan ce wa Inna?"

Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kada ki yi mata ƙarya, uwa tana ganewa. Ki ce kanwa ta ƙara kaya, amma wannan karon ba ita ce uwar gami ba. Ciwon ya riga kununta isa. Ita abin da ta kai wa ɗiyarta safe da yamma, kulawa ce."