Sarƙar Madam Evantiya

Madam Evantiya, 'yar Girka haifaffiyar Iskandariya, ta tsufa tana yi wa mutane duba da katunan tarot a wani shagon gahawa na bakin teku. Katin da ta fi so shi ne mai hoton Shaiɗan riƙe da mace da namiji, sarƙa a wuyansu.

Duk wanda ya zo mata da ciwon so, sai ta dangwala yatsa a kan hoton. "Duba da kyau, ɗana. Sarƙar sako-sako ce, su ne ba sa son cirewa. Masanan kakannina sun ce sha'awa ɓulallen tulu ce, ka yi ta ɗura, ba ta cika."

Danginta kuwa tuni suka koma Atina, babban birnin Girka. Kowace shekara takan haɗa akwati don ta bi su, ta bi unguwa tana sallama, ta cinye abincin ban kwana, sannan ta kwance kayanta.

Rannan Usta Ramzi mai aski ya tsokane ta. "Madam, taki sarƙar fa? Walda aka yi mata?"

Ta kurɓi gahawa tana kallon teku. "Sako-sako ce, ja'iri. Amma in na cire, wuyana sanyi zai ji."