Yadda na zama Sarkin Buta

Shekarun baya mun samu aikin gyaran wata tsohuwar lakwal, wato makarantar boko, a nan Dakoro. Ni da abokina aka ba mu ƙofofi da tagogin ƙarfe, mu kankare tsohon jan fentin da ke jikinsu. Wuni muke muna gurza, ƙura na tashi, mu koma gida jajaye har cikin hanci.

A shantiyenmu, wato wurin aikin gininmu, akwai al'ada. In an kawo abinci, roba ɗaya ta ruwa ake zagayawa da ita a wanke hannu. Babban magininmu, wanda muke kira Baba, shi ke fara tsomawa, sai mai bi masa. Abokina ya zo aikin bayan kowa, don haka kullum shi ne na ƙarshe. Ya daɗe yana kukan ciwon ciki, Baba kuwa maganinsa ɗaya: "Sha nono, shi ke wanke fenti." Nono kuma ba ya wuya a garinmu, ya sha har ya gaji.

Wata rana da azahar wata ma'aikaciya mai duba lafiyar wuraren aiki ta zo daga Maradi. Ta tarar da mu za mu ci dambu. Ba ta ma kalli gini ba tukuna, robar ta tsaya kallo. Kafin robar ta iso gaban abokina, ruwan ya koma kamar zoɓo.

Ta ce, "Malam, da wannan za ka wanke hannu ka ci?"

Ya ce, "To ai shi ya rage, madam."

Ta ce irin wannan tsohon fenti dalma ke cikinsa, guba ce mai taruwa a jini, kuma nono ba ya fitar da ita. Ta sa a riƙa jiƙa ƙarfe kafin kankara, a rufe hanci, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba. Abokina kuwa ta rubuta masa ya tafi likita a auna jininsa.

Tana juya baya Baba ya ce, "Tun ba a haife ta ba nike wannan aiki."

Ni dai raina ya ɓaci, don na ga yadda cokalin gini ke suɓuce wa abokina. Washegari na zo da buta da sabulu, na kife robar na zauna a kai. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ko ka kore ni, yau ba mai tsoma hannu a nan."

Ya ce, "Kai ɗan nan, ka raina ni ko?"

Na ce, "Wane ni. Kai ne dai na farko har yanzu. Miƙo in zuba maka."

Ya harare ni har na fara tunanin inda zan nemi wani aikin, sannan ya miƙo. Daga ranar suka sa mini Sarkin Buta. Ƙato da ni, ina bin mutane layi ina tsiyaya ruwa kamar a gidan suna. Sun ɓoye butar, na sayo wata. Ban bari ba har aka gama aikin.

Awon jini ya nuna dalma ce. Abokina ya sha magani a Maradi, cikin ya lafa, amma hannun damansa bai koma daidai ba. Ya bar gini, yanzu dillancin awaki yake a kasuwa.

Har gobe duk shantiyen da na shiga, da butata nake shiga, a yi dariya a gama. Abin da ke ci mini rai shi ne duk muna ganin launin ruwan nan, ba wanda ya taɓa cewa komai saboda kunyar manya. In na je gidan abokina cin tuwo, shi ke tashi ya zuba mini ruwa. Da hannun hagu yake riƙe butar.