Karon Keken Surukai a Hanyar Jabo

Ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba, ƙarfe goma da kwata na safe, ina masinja a kotun yanki a Tambuwal. A zauren akwai alƙali, da magatakarda, da ni mai kiran masu shari'a, sai keke biyu a jingine.

Mai ƙara Isa ne, mai shayi a Jabo. Ya ba wani Ɗanjuma aron keken da yake ɗauko burodi da shi, aka dawo masa da shi ƙafar gaba a lanƙwashe. Tun ranar shayi yake sayarwa ba burodi. Karo Ɗanjuma ya yi da wani mai keke, wanda kuwa ya yi karon da shi Malam Buba ne, uban matarsa.

Ƙa'ida ita ce, da farko a tambayi inshora, wato kamfanin da ke biyan ɓarna. Malam Buba ya ce, "Allah gafarta Malam, keken ga ko birki bai da."

Na biyu, a gano mai laifi. Alƙali ya ce, "Ɗanjuma, me ya faru?"

Ɗanjuma ya dubi ƙasa. "Na hango Baba tafe, sai kunya ta kama ni, na sadda kai. Laifina ne."

"Ƙarya yaron ga shikai!" in ji Malam Buba. "Ni na kau da fuska don kar in takura shi. Laifina ne."

Alƙali ya ce, "To wa ke kallon hanya?"

"Babu," in ji Isa. "Ni dai a ba ni ƙafar kekena, su je gida su ci gaba da kunyar."

Duk aikina ban taɓa ganin ana rigimar ƙwace laifi ba sai ranar. Alƙali ya gaji, ya raba musu: Ɗanjuma ya sayo ƙafa, Malam Buba ya biya mai gyara, keke ya koma hannun Isa kafin Juma'a.

Na uku, aka sallame su. Ɗanjuma ya ja da baya don surukinsa ya fara fita, kai a sunkuye, ya bangaje babur ɗin alƙali da ke ajiye a bakin ƙofa, madubi ya tarwatse. Alƙali ya leƙo ya ce da ni, "Wannan kuma ba na neman shaida."

Abin da na koya shi ne mutanenmu sun fi tsoron ido da ido da suruki a kan asibiti.

Don haka ina roƙonku: in kun hango suruki kuna bisa keke, ku taka birki, ku sauka, sannan ku ji kunyar.