Gwaggo Rabi, mai fassara mini Inna

Ƙanena ya bugo mini waya da safen nan daga Cadawa: Gwaggo Rabi ta rasu. Na zauna, na tashi, na sake zama. Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Ƙanwar babana ce. Wurinta aka kai ni yaye, ban koma gidanmu ba sai da na girma.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona a gaban mutane. Al'ada ce, amma wa zai fahimtar da yaro?

Shekarar da motocin jam'iyyu suka fara shigowa gari da lasifika, lakol kuma, wato makarantar boko, kullum yajin aiki, Inna ta zo gidan Gwaggo ran kasuwa. Na ruga na riƙe mata zane. Ta kau da kai, ta ci gaba da gaisawa da mutane. Ranar na ƙi cin tuwo.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga tabarmar da Inna ta zauna a kai, sai ga ƙullin dakuwa.

Ta ce, "Wai na yaran gida ne. To yara nawa ka gani a gidan nan? Bar duban bakinta, ɗana, dubi hannunta."

Tun daga nan na fara lura da mutane. Yau in ɗalibina ya shigo aji fuska a murtuke, ba na fara da tsawa, sai na tambaye shi ko ya karya. Abokan aiki suna cewa ina da haƙuri. Ba nawa ba ne, a cinyar Gwaggo na tsince shi.

Amma ni da Inna har yau ba mu taɓa hira mu biyu ba. Kullum Gwaggo ce a tsakani, tana kai magana tana kawowa, tana mana dariya.

Da ƙaramar salla na yi wa Gwaggo ganin ƙarshe. Ta rame, amma bakin na nan. Ta ce, "Gemu har da furfura, kana jin tsoron tsohuwa. Tahi ka zamna da ita. Ni na gaji da tafinta."

Na ce sai wani zuwan.

Yanzu zan kama hanya. Inna na can a ɗakin zaman makoki, kuma ban san da me zan fara ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya riƙe ta kamar yadda ta riƙe ni. Don Allah ku sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah ya buɗe bakina.